Goron Gwanja, Gyaɗar Kano

Auduga Turawa suke jira da suka ja dogo zuwa Kano. Masaƙun Lankasha da ke Ingila sun gaji da dogaro da audugar Amurka, har aka kafa ƙungiya a 1902, wadda aka fi sani da BCGA, don ta nemo musu wata ƙasar da za ta riƙa ciyar da injinansu. Idonsu ya faɗa kan Arewacin Nijeriya, kuma lissafinsu yana da kan gado. Ƙasar Kano ta yi ɗaruruwan shekaru tana noma auduga, mata na kaɗi, maza na saƙa, marina na rini, turkuɗin Kura kuwa har cikin Sahara ake naɗa shi. Duk wanda ya ga wannan zai ce jirgi kawai ya rage a kawo. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912, sannan aka zauna jiran kaka.

Da kaka ta yi, sai ga gyaɗa. Ta zo a bayan jakuna, a kan takarkarai da raƙuma, wasu kuma a ka suka ɗauko ta daga ƙauyukansu. Tasha ta cika, taragai suka kasa, aka riƙa jibge buhuna a fili. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar waje ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000. Audugar da aka zuba wa ido kuwa 'yar kaɗan ce ta iso.

Dalilin manomi ba shi da wuyar ganewa. Masaƙan gida sun fi BCGA sayen auduga da daraja, don haka wadda aka noma ba ta fita daga kasuwannin ƙasar ba. Gyaɗa kuwa ana cusa ta tsakanin gero da dawa, tana ƙara wa gona ƙarfi, harawarta abincin dabbobi ce, in kuma kasuwa ta faɗi a soya a ci, mata su matse mai su yi ƙuli-ƙuli. Babu mai miya da auduga. Ga haraji, wanda hukuma ta fara nema da tsabar kuɗin Bature. A Turai kuma an gano dabarar daskarar da man tsirrai a farkon ƙarnin, masu yin sabulu da man shafa wa burodi suna neman man gyaɗa ido rufe.

Sai dai duk wannan bai amsa tambayar da ta fi tsaya mini a rai ba. Manomin da ke Gaya ko Ɗambatta bai san abin da ake ciki a Turai ba. Wa ya je har ƙofar gidansa ya gaya masa ana neman gyaɗa? Wa ya ba shi tabbacin cewa in ya ƙara yawan abin da yake shukawa ba za ta ruɓe masa a rumbu ba? Baturen kamfani yana zaune a kantinsa kusa da tasha, ga sikeli ga akwatin kuɗi, amma Hausarsa ba ta wuce ta gaisuwa ba, kuma bai taɓa shan ruwan gidan dagaci ko ɗaya ba. Yana da kuɗi, ba shi da mutane. Mutanen suna hannun fataken goro, su kuma sai da suka yi fiye da shekara ɗari suna taka hanyar Gwanja kafin su tara su.

Goro ba ya yi a ƙasar Hausa. Bishiyarsa ta kurmi ce, kuma wanda Hausawa suka fi so daga kurmin Asante yake fitowa, a ƙasar Gana ta yau. Sarakunan Asante ba sa barin baƙi su kutsa inda ake tsinkarsa. Sai a ɗauko shi a kai kasuwar Salaga a ƙasar Gwanja, can fatake ke tarar da shi. Ayari kan tashi daga Kano da kanwa, da baƙaƙen riguna da rawuna, da jemammun fatu, da busasshiyar albasa, da dabbobi. Akwai bayi a cikin abin da aka saya aka sayar a Salaga, kuma da yawan kayan da suka iso Kano a kan bayi suka iso. Wanda zai yabi wannan hanya ya zama wajibi ya faɗi wannan ma.

A ƙetare kogin Kwara, a ratsa ƙasar Bargu, a bi ta Nikki da Zugu da Yandi, kafin a hango Salaga. Tafiya ce ta watanni, kuma wanda ya yi sallama da iyalinsa bana sau da yawa sai baɗi suke ganinsa. Ayari ɗaya kan kai mutum dubu ko fiye, da madugu a kansa, da jagaba mai shiga gaba ya nemo zango, da malami mai riƙe lissafi da yi wa tafiya addu'a. A kowane gari sai an gai da sarki, a kowane kogi sai an biya fito, a dajin Bargu kuwa sai an kwana da ido ɗaya saboda mahara.

Dawowar ta fi zuwan wuya, domin goro ba kanwa ba ne da za a ɗaure a manta. Rai gare shi. Ana jera shi cikin ɗanyen ganye a ɗaure huhu, a ɗora wa jaki, bayan 'yan kwanaki a sauke a kwance, a yayyafa ruwa, a bi shi ɗaya bayan ɗaya ana tsince wanda sankara ta kama kafin ta shafi saura. Kalmar da muke kiran mugun ciwon nan da ita a asibiti yau, a huhun goro aka fara saninta. Haka za a yi ta yi har Kano, a ware marsa daban, minu daban. Falke mai gaggawa ko mai kasala da ruɓaɓɓen kaya yake isa gida. Sana'ar da kanta ta tace mutanenta, ba ta bar kowa a ciki ba sai mai jimiri.

Amma babban abin da hanyar ta gina shi ne amana tsakanin mutanen da ke nesa da juna. Tsakanin Kano da Salaga babu sarki ɗaya, babu alƙali ɗaya da hukuncinsa ke aiki a dukan ƙasashen. Falke ya sauka a garin da ba a jin yarensa sai a zango. A can akwai fatoma, mai masauki, wanda zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa dillali, ya tsaya masa in zai ɗauki kaya bashi, ya kuma tsaya wa mai saye in shi ne zai bayar. Me zai hana wanda aka ba bashi ya gudu? Sunansa. In ya ci amana a Salaga, labari zai riga shi isa Kano a bakin ayarin da ke gabansa, daga nan kuma babu zangon da zai sake buɗe masa ƙofa, babu mai ba ɗansa mata. Wanda ya cika alkawari kuwa, ɗansa zai zo bayan shekara ashirin ya ambaci sunan uban, a shimfiɗa masa tabarma. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa. Fatake sun mai da shi abin da ke riƙe da su gaba ɗaya.

Jama'a uku ne suka fi shahara a wannan fatauci: Agalawa, da Tokarawa, da Kambarin Barebari. Agalawa asalinsu daga wajen Asbin suke, zuriyar mutanen da suka zauna ƙarƙashin Abzinawa, suka gangaro ƙasar Katsina da ta Kano suka zama Hausawa. Ba su gaji sarauta ba. Abin da suke da shi shi ne junansu, don haka suka riƙe shi da kyau. Suna auren juna, suna ba 'ya'yan juna jari, yaro ya fara da korar jakin kawunsa har ya kai ga nasa jakin.

Sai hanyar ta fara rushewa. A 1874 sojojin Ingila suka ƙone Kumasi, ƙasar Gwanja ta ɓalle daga ikon Asante, Asante kuma suka daina kai goro Salaga, kasuwa ta koma Kintampo. A 1892 basasa ta tashi a Salaga kanta, baƙin garin suka watse. Cikin waɗanda suka bar shi har da babban malamin nan haifaffen Kano, Alhaji Umaru, wanda ya ƙare rayuwarsa a Kete-Krachi. Bayan haka Ingila da Jamus da Faransa suka yanka ƙasashen da ayari ke ratsawa, kowa ya kafa iyakarsa da kwastansa. Wanda ya dubi lamarin a wajen 1900 zai rantse cewa wahalar kaka da kakanni ta tafi a banza. Garin da aka san kowa a cikinsa ya zama kango, hanyar da aka haddace ta toshe. Amma mutanen da suka watse sun tafi da sanayyarsu. Suka bazu a zangunan Kumasi da na bakin teku, wanda ya san ubanka a Salaga yanzu yana Ankara, wato babban birnin Gana na yau, kuma bai manta ba.

A cikin wannan rikici wani yaro Ba'agale ya tashi a Bebeji. An haifi Alhassan a 1877. Mahaifinsa Abdullahi falke ne, ya rasu yaron bai kai shekara goma ba. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, ta tafi Ankara ta bar 'ya'yan a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata. Ita ta rene shi, har mutane suka riƙa kiransa ɗan Tata, sunan ya bi shi. Ya yi karatun allo, ya yi rayuwar almajiri, ya yi 'yan aikace-aikace don ya ci, kuma a lokacin ne ya koyi jefa abin da ya samu cikin asusu. Da ya zama saurayi ya bi ayarin Gwanja don ya ga uwarsa. Bai sami gatan da yaro zai yi zato ba. Wurin malami ta kai shi, ya ci gaba da neman na kansa, daga baya ya komo Bebeji.

Ya dawo bai daɗe ba basasar Kano ta ɓarke a 1893, tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa. Agalawan Bebeji suka sami kansu a ɓangaren da aka ci. Aka kwashe dukiyar wasu, aka kama wasu, Alhassan da 'yan'uwansa suna ciki, sai da aka biya fansa suka tsira daga bauta. Ɗan abin da ya tara ya tafi. Ya sake ɗaura ɗamara ya koma fatauci, ya sake nufar kudu. Da yake ya san bakin teku tun yana saurayi, ya kuma san mutane a can, yana cikin na farko da suka gane cewa goro zai iya hawa jirgin ruwa daga Sekondi zuwa Legas, maimakon ya yi watanni a bayan jaki. Ya haɗa da cinikin duwatsun ado da yadi. Da dogo ya haɗa Legas da Kano, abin da kakanninsa ke yi a shekara ya koma na 'yan makonni. Ya kafa gida a unguwar Koki cikin birni.

Ina so mai karatu ya dubi waɗannan shekaru da kyau. Maraici, bara, doguwar tafiya zuwa ga uwar da ba ta riƙe shi ba, kamu, fansa, komawa farko. Babu inda gyaɗa ta fito a ciki. Ba shiri yake yi don wata rana da ya hango ba, domin babu wanda ya hango ta, har Turawan da suka kawo jirgin. Abincinsa yake nema, yana biyan bashin da ya ci, yana komawa gidajen da suka taɓa saukar da shi.

Da kamfanoni irin su Niger Company da John Holt suka ga gyaɗa ce ke da kasuwa, suka rasa yadda za su kai ga manomi. Ta hannun Sarkin Kano Abbas da wakilin Turawa Adamu Jakada aka haɗa su da attajiran birni, irin su Umaru Sharubutu na Koki da Maikano Agogo. Tsarin da aka bi kuwa ba sabo ba ne. Kamfani ya ba attajiri kuɗi da yadi da gishiri bashi. Attajiri ya raba wa yaransa. Yaran su bazu kasuwannin ƙauye, su ba dillalai da masu gari da suka saba da su, su kuma su ba manomi tun amfani yana gona, a kan cewa da kaka zai biya da gyaɗa. A kowace gaɓa dukiya ce ke fita daga hannu zuwa hannu ba takarda, sai sanayya.

Ta ina attajirin ya san mutumin ƙauye da zai ba irin wannan amana? Ta goro. Babu garin da ba a suna, ba a ɗaurin aure, ba a gai da manya, kuma duk waɗannan ba sa yiwuwa sai da goro. Don haka tun kafin jirgi, kowace kasuwar ƙauye tana da mai karɓar ƙwarya biyu ko uku daga birni ya sayar, ya kawo kuɗi in kasuwa ta zagayo. An san wanda ke biya a kan lokaci, an san mai ja, an san wanda ubansa ya taɓa cin amana. Wannan sani ya ɗauki zuriya biyu ko uku kafin ya taru, kuma babu kamfanin da zai iya sayensa ko da nawa ne. Hanyar da goro ke bi daga birni zuwa ƙauye ita gyaɗa ta biyo daga ƙauye zuwa birni, sau da yawa a bayan jaki ɗaya. Da tsohuwar zuma aka yi wannan magani.

Alhassan bai shiga sahun farko ba. Sai a 1918 Niger Company ta neme shi. Amma ya zo da abin da ya fi na saura faɗi: mutanensa sun kama daga ƙauyukan Kano har Legas da Kumasi, ya saba da jirgi da ma'amala da kamfanonin bakin teku tun kafin wasu su gan su, kuma an san shi da riƙe kuɗi da cika alkawari. Cikin 'yan shekaru ya wuce waɗanda suka riga shi. Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na 1929, lokacin da ya kai kuɗin azurfa kayan raƙumi 20 ajiya a bankin Turawa na Kano, wanda shi ne ya zama First Bank na yau. A shekarar ce kuma aka kafa kamfanin UAC, Alhassan ya zama babban mai saya masa gyaɗa. Dalar gyaɗar da ta zama tambarin Kano, wadda guda ɗaya kan ci buhu wajen 15,000, Kanawa da shi suke danganta fara ta. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi a cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma.

Mun saba ba da wannan labari a matsayin na mutum ɗaya mai basira da nasibi. Yana da su, ba musu. Amma a ganina in muka tsaya nan mun tauye haƙƙin dubban mutane. Fatoman da ya tsaya wa baƙo a Salaga tun ba a haifi Alhassan ba, da madugun da ya sasanta da sarkin Nikki, da bawan da ya ɗauki huhu a ka, da 'yar tsohuwar da ke kasa goro a kasuwar ƙauye tana biyan bashinta kowane mako, duk da guminsu aka gina dalar nan. Akasarinsu ba su ga ko buhu ɗaya nata ba. Wasu a daji suka mutu, wasu sun yi haƙurin da ya kai nasa ko ya fi, suka ƙare da jaki ɗaya. Abin da suka shuka ya yi 'ya'ya, amma a gonar jikoki, wani lokaci ma jikokin wasu.

Kuma sarƙar tana da wani gefen mai kaifi. Bashin da ya kai kuɗi ƙofar manomi shi ne kuma ya ɗaure shi. Wanda ya karɓi yadi da damina ba shi da bakin ciniki da kaka. Shekara ɗaya bayan cikar tashar Kano da gyaɗa, ruwa ya ɗauke, aka shiga yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a wasu wurare ake kira Kakalaba, mutane suka mutu da yawa. Da farashi ya faɗi warwas a kasuwannin duniya a farkon shekarun 1930, a Turai aka yanke hukuncin, manomin Kano ne ya ji a jikinsa, haraji kuwa bai jira shi ba. Sanayyar da ta sa ya yarda ya shuka ita ce ta sa ya kasa cewa a'a ga yaron Alhaji, domin ubansa da uban yaron sun ci goro tare.

Ita ma gyaɗar zamaninta ya wuce. Farin farkon shekarun 1970, da cutar da ta cinye gonakinta a 1975, da kuɗin man fetur da suka ɗauke hankalin hukuma daga noma, suka haɗu suka share dala daga filayen Kano. Yaran da aka haifa bayan haka a hoto kawai suka san ta. Gidan Alhassan bai faɗi tare da ita ba, kamar yadda Agalawa ba su faɗi tare da Salaga ba. 'Ya'yansa, irin su Sanusi da Aminu, suka karkata ga sufuri da gine-gine da masana'antu. A 1977 wani saurayi, jikan Sanusi ta wajen 'yarsa Mariya, ya fara kasuwanci da jarin da kawunsa ya ranta masa, daidai yadda Ba'agale ke ɗora ɗan 'yar'uwarsa a bayan ayari shekara ɗari kafin nan. Sunansa Aliko Dangote.

Goron kansa bai daina zuwa ba. A kasuwar Mariri a Kano har yau ana sauke shi daga manyan motoci, yawancinsa daga ƙasar Yarbawa, inda Hausawan Sabo a garuruwa irin su Shagamu da Ibadan suka gaji aikin fatoma. Waya ta maye gurbin ɗan aike, amma har yanzu ana loda mota a kan maganar baki, ana tambayar sabon mai saye ɗan gidan wa ne kafin a tambaye shi nawa ya zo da shi. A kan titunan Abuja da Kano kuwa, a jikin allunan kamfanoni da motocin aiki, akwai sunan wata tsohuwar baiwa ta Bebeji da ta riƙe marayu sa'ad da uwarsu ta yi nisa, kuma duk wanda ya karanta Dantata ya ambace ta.